Ajin da Baffa Ya Gina

Idan ka shigo makarantarmu yau za ka ga gine-ginen bulo a jere an shafe su da fenti, ga rijiyar burtsatse, ga katanga da get, har da ɗakin malamai mai silin. Baƙi sukan tsaya su yaba, su tambayi wace ƙungiya ce ta yi mana wannan aiki. Ni kuwa duk lokacin da na ji tambayar sai raina ya sosu, domin ba wanda ya taɓa tambayar wa ya ɗora tubalin farko. Baffana ne ya ɗora shi, wan mahaifina, wanda duk ƙauye ke kira Magini kamar ba a raɗa masa suna ba. Ni malama ce a makarantar, a cikinta kuma na fara riƙe alli. Abin da zan faɗa, wani da idona na gani, wani daga bakinsa na ji, wani kuwa daga bakin matarsa Inna, wadda ba ta saba rufa masa asiri ba.

Baffa gajere ne mai faɗin kafaɗa, tafin hannunsa duk kaushi, in ya shafa kan yaro sai yaron ya goce. Ginin ƙasa ya gada daga mahaifinsa. Yakan ɗebi ƙasa ya murza ta tsakanin yatsu ya ce wannan ta bango ce, waccan ta yaɓe, wancan kuwa ko kaji ba zai gina wa akurki da ita ba. Bai taɓa zama a aji ba. Ba shi da yawan magana, amma in ya kafe a kan abu, gara ka je ka roƙi bango. Ni yana kirana Uwata, saboda sunan mahaifiyarsa aka sa mini, kuma ni kaɗai ce a gidan nake iya gaya masa magana ya haɗiye.

Makarantar da rumfar kara ta fara. An turo wani malami, dogo siriri, wanda mutane suka sa wa Malam Mai Keke don shi ne kaɗai mai keke a ƙauyen a lokacin. Yara ba su fi cikin tabarma biyu ba. In iska ta taso ta kwashe rumfar, in ruwa ya sauko kowa ya ruga gida, in kuma an tafi hutu awaki su cinye rabin makarantar kafin a dawo. Da abin ya ishi Malam, ya sami dattawa ya ce ko a gina masa ɗaki ko ya hau kekensa. Aka ce ai ga Magini.

Kowa ya fito. Maza suka haƙo ƙasa, mata suka yi ta jido ruwa, matasa suka tattaka kwaɓi. Baffa yana kan bango yana karɓar tubali, kuma ya zuba duk gwanintar da Allah ya ba shi. Ya yi bango mai kauri, ya jera azara, wato itatuwan da ke ɗauke da rufi, ya zuba musu ƙasa ya daddaɓe, ya sa indararo biyu don ruwan sama. Sai dai ɗakin da ya sani shi ya gina. A wurinmu ɗaki na kirki shi ne wanda zafi ba ya shiga, ɓarawo ba ya shiga, mai wucewa ba ya leƙa abin da ke ciki. Don haka ya yi ƙofa gajera, ya huda taga guda ɗaya can sama, wadda kyanwa ma sai ta rage ciki za ta wuce. Dattawa suka zagaya suna ta sa albarka. Ba wanda ya ga aibu, domin dukansu a irin wannan ɗakin suke kwana. Malam Mai Keke kuwa ya tafi hutu garinsu, sai da aka gama ya dawo.

Ranar da aka buɗe, Malam ya jingina allo, ya rubuta baƙaƙe, ya ce yara su karanta. Shiru. Ya sake cewa, shiru. Sai ya fito ya sami Baffa a tsaye a waje yana jiran yabo.

"Magini, aiki ya yi kyau, Allah ya saka da alheri. Sai dai yaran ba sa ganin allo."

"Ba sa gani? Makafi aka tara maka?"

"Duhu ne ya yi yawa. Aji taga yake so, manya, hagu da dama."

"Malam, ɗakin da tagarsa ta kai ƙofa ai ba ɗaki ba ne, rumfa ce. In rumfa kake so, me ya raba ka da ta da?"

Inna ta ce kwana da kwanaki ya yi yana kumbure-kumbure a gida, ko kaza ta gifta sai ta sha tsawa. Sannan wata safiya, ba tare da ya gaya wa kowa ba, ya shiga ajin ya zauna a ƙasa can baya cikin yara, ya ƙura wa allo ido. Ya karkata hagu, ya karkata dama. Ya tashi ya fita. Da yamma aka gan shi da diga yana fasa bangon da ya gina da hannunsa. Ya buɗe taga biyu ta kowane gefe, ya ɗora musu katako a sama, ya gyara bakinsu sumul. Shekaru ana tsokanarsa da wannan. Duk wanda zai ba shi aiki sai ya ce, "Magini, ni dai nawa na kwana ne, kada ka yi mini na boko." Shi kuwa sai ya yi kamar bai ji ba.

Tun daga ranar ɗakin ya zama nasa. Duk shekara kafin ruwa ya sauka sai ya zo da tsani da kwaɓaɓɓiyar ƙasa, ya toshe tsagu, ya sabunta yaɓe, ya share indararo. Ba wanda ya sa shi. Inna takan ce ɗakin girkinta yana yoyo shekara da shekaru, amma tunda ba yaran mutane ne a ciki ba, ita ce kawai, ba gaggawa. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda yake duba rufi. Yakan shigo ko ana tsakiyar darasi, da ƙotar gatari a hannu, ya bi azara ɗaya bayan ɗaya yana ƙwanƙwasawa, ya karkatar da kai yana saurare. Ya ce itace mai lafiya amsawa yake yi, wanda gara ta ci daga ciki kuwa muryarsa a shaƙe take. Mu yara mukan toshe baki muna dariya. Malam Mai Keke sai ya ajiye alli ya jira, bai taɓa ce masa ya dawo an jima ba.

Makaranta ta yi ta girma. Da farko gwamnati ta gina azuzuwa biyu na bulo da rufin kwano. Ƙauyukan da ke kewaye suka fara turo 'ya'yansu, 'yan mata suka yi yawa har suka kusa rinjayar maza. Malam Mai Keke ya tsufa ya koma garinsu. Aka kawo hedimasta, aka kawo wani bayansa, aka ƙara azuzuwa, aka haƙa rijiya. Duk wani sabon gini ɗan kwangila ne ke zuwa da ma'aikatansa. Karon farko Baffa ya sa kayan aikinsa ya je ya ce a nuna masa inda zai kama. Suka gaishe shi da ladabi, suka ce ya huta, Baba, wannan aikin siminti ne. Ya juya ya dawo gida. A ƙauyen ma mutane suka koma bulo, masu kiransa suka ragu, har ya zama sai gyaran katanga ko rumbu.

Haushinsa yakan huce ne a kan rufin kwano. In rana ta take, yara su yi ta zufa a sababbin azuzuwa, in ruwa ya sauko kuma malami ya yi ta buɗe baki ba a jin abin da yake faɗa. Baffa sai ya ce, "Sun gina muku gwangwani." A nan kam ina bayansa, domin na koyar a cikin gwangwanin. Nasa ɗakin ko da tsakar rana sanyi ƙalau, in ka shiga har barci yake ɗaukarka.

An yi wasu shekaru da aka mayar da ɗakin ma'ajiyar karyayyun bencina. Ko a lokacin bai fasa zuwa ba, yana hawa kan tarkace yana ƙwanƙwasa azararsa. Da yara suka sake yin yawa har wuri ya ƙare, aka kwashe tarkacen aka mayar da 'yan aji ɗaya ciki. Shekarar ce aka ba ni ajin. Ranar da ya ga ƙananan yara sun sake cika ɗakin, ya tsaya a bakin taga ya daɗe yana kallo, sannan ya ce mini, "Uwata, kin ga dai ba su sami inda ya fi nan ba."

Ana nan sai labari ya zo cewa za a gina mana sababbin azuzuwa huɗu. Injiniya ya zo ya auna, ya ce ba inda ya dace kamar inda tsohon ɗakin yake, domin nan ne tudu, ruwa ba ya kwanciya. Ai dole, Baffa ya san inda ya zaɓa. Aka kira taron iyaye da malamai don a sanar cewa za a rushe.

Baffa bai taɓa magana a taro ba, amma ranar ya miƙe. Ya sa rigarsa ta fita unguwa, wadda ta yi masa yawa yanzu. Bai iya tsara zance ba. Ya ce ɗakin bai taɓa zubar wa yaro ruwa a littafi ba. Ya ce shi bai yi karatu ba, ba shi da abin da zai nuna ya ce ga nasa a makarantar nan sai wannan. Sai ya juya yana nuna mutane da yatsa. "Kai a gindin tagar gabas kake zama. Kai kuma kullum a ƙofa, don ka riga kowa gudu. Ke, a ciki kika yi fitsari a wando, ni na kawo ƙasa na rufe." Wadda ya nuna uwar 'ya'ya shida ce, ta ja mayafi ta rufe fuska, taro ya kwashe da dariya. Da dariyar ta lafa ya ce, "Ku bar mini shi. In na mutu ku yi yadda kuka ga dama."

Hedimastanmu na yanzu baƙo ne, matashi, amma yana da kunya. Ya dubi mutane, ya ga fiye da rabinsu a ɗakin suka fara karatu. Aka yi ta ja-in-ja, a ƙarshe aka yarda a matsar da sabon ginin baya, ko da za a yi ciko, ko da filin ƙwallo zai ragu. Malamin wasanni ya yi mako ba ya amsa gaisuwata, kamar ni na yanke hukuncin. Inna ta ce Baffa ya dawo gida yana 'yar waƙa ƙasa-ƙasa, abin da rabonta da ji tun suna amare. Ya ce bana zai yi wa ɗakin yaɓen da ba a taɓa gani ba. Ya je da kansa can bakin rafi ya zaɓo ƙasa, ya kwaɓa, ya rufe ta da ciyawa ta kwana biyu ta nuna.

Wata safiya ina koya wa yara ƙidaya sai ga shi da ƙotar gatarinsa. Yanzu hannunsa ba ya kaiwa sai ya taka benci, na riƙe masa. Ya fara daga wajen allo, yana bugawa yana saurare, yara suna kwaikwayonsa da fensir a kan tebur. Ya yi ta matsawa har ya kai azarar tsakiya. Ya buga. Ya sake bugawa. Ni ban ji wani bambanci ba, fuskarsa kawai na gani ta sauya. Ya laluba aljihu ya ciro ƙusa, ya danna ta a jikin itacen daf da inda ya shiga bango, sai ta shige kamar a jiƙaƙƙen sabulu. Gari ya zubo masa a gemu. Ya matsa ta gaba ya danna, haka. Ta gaba ma haka. Daga waje kuwa itatuwan sumul, ko tabo babu.

Ya sauko a hankali ya tsaya yana kallon yaran, su kuma suna kallonsa suna jiran ya ci gaba da wasan.

"Uwata, fitar da su."

"Baffa, saura kaɗan a fita hutun ƙarfe tara."

"Yanzu. Kada ki sa su gudu, a hankali."

Na jera su muka fita muna waƙar ƙidaya. Shi ne na ƙarshe, ya kwaso takalman da suka manta, ya ja ƙofa ya ɗaure da igiya.

Na sha tunanin wannan lokacin. A duk makarantar ba mai ɗaga kai ya dubi rufin nan sai shi. Da ya shafe ramin ƙusar da ɗan yatsa ya je ya yi yaɓensa, ba wanda zai sani. Ya riga ya ci nasara a gaban taro, ƙasarsa tana can a kwaɓe tana jiransa. Amma ko gida bai biya ba, kai tsaye ofishin Hedimasta ya nufa, ni ina biye da shi.

"Ranka ya daɗe, ni na roƙa a bar ɗakin nan. Ni kuma na zo in ce a rushe shi."

Hedimasta ya miƙe ya ba shi kujera, ya ƙi zama. Da ya ji bayani ya ce, "Baba, ai ba sai an rushe ba. A canza itatuwan, ko a tokare su da ginshiƙi. Mun riga mun yi maka alkawari."

"Garar ta cikin bango ta hau. Kan bangon duk ya zama holoƙo. Rufin nan ƙasa ce, in ya sha ruwan farko nauyinsa zai ninka, kuma ba zai yi sallama ba."

"To a gyara bangon ma. Ai kai ne gwanin."

Baffa ya juya ƙusar a hannu. Sannan ya ce, "Ɓarnar nan ba ta bana ba ce. Bara na buga itatuwan nan, na ce lafiya lau. Kunnena ne ya fara nauyi, ban yarda ba sai yau. Ko na gyara, wa zai saurara baɗi?"

Duk ƙauyen ba wani matashi da ya koyi wannan sana'ar, 'ya'yansa ma ɗaya direba ne, ɗaya tela. Tausayinsa ya kama ni har na kasa tsayawa, na fita na bar su.

Abu ɗaya ya roƙa, kada a kawo mota ta ture. Ya nemo tsofaffin abokan aikinsa biyu, suka fara daga sama kamar yadda ake yi, suna sauke ƙasar rufi da kwando. Da aka zo ɗaga azarar tsakiya sai ta karye a hannunsu, cikinta duk gari. Cikin iyayen da suka zo kallo wata ta jawo ɗanta ta rungume. Baffa bai dubi kowa ba. Ya yi ta aiki har bango ya dawo iya gwiwa, sannan ya zauna a kai ya ce in ba shi ruwa. Ni dai na yi kuka, ban kuma ɓoye ba.

An mayar da sabon ginin kan tudun kamar yadda injiniya ya so tun farko, malamin wasanni ya dawo yana gaishe ni. Sai dai ɗan kwangila ya yi ta jan ƙafa, aka zuba harsashi aka tafi. Ni da 'yan aji ɗaya muka ƙare a ƙarƙashin tamfol da aka ɗaure a jikin katanga. Da rana zafi, in hadari ya taso feshi ya jiƙa littattafai, wani lokaci sai dai in sallame su. Duk damina haka muka yi ta. Yara kuwa ba su manta da ɗakinsu mai sanyi ba, kuma da idonsu suka ga wanda ya hau ya farfasa shi. Na yi musu bayani ya fi a ƙirga, amma ɗan shekara shida bai san gara ba, abin da ya gani ya sani. Ban san wanda ya fara ba, sai ji na yi sun sa masa suna, Tsoho Mai Rushe Aji.

Baffa ya daina shigowa makarantar, amma hanyarsa ta zuwa gona ta bakin get take. Wata rana an tashi, yara suna fitowa jiƙe-jiƙe bayan wani yayyafi, sai ga shi tafe da fartanya a kafaɗa. Suka hango shi. Ɗaya ya fara, sauran suka ɗauka, suna tafi suna bin sa a baya suna rera sunan. Wata 'yar ƙarama, wadda ranar da aka fitar da su takalminta na cikin waɗanda ya kwaso, ta sha gabansa ta riƙe ƙugu.

"Baba, me ya sa ka rushe mana ajinmu? Yanzu ga shi ruwa yana dukanmu."

Ni dama ba a san ni da haƙuri ba. Idona ya rufe, na fizgi tsumagiya daga jikin shinge na yi kansu, ina cewa yau sai na ga wanda ya koya musu rashin kunya. Ban kai ga ko ɗaya ba na ji hannun nan mai kaushi ya riƙe mini wuyan hannu.

"Baffa, sake ni. Ka ji abin da suke kiranka? Kai da ka gina makarantar nan?"

"Na ji. Wannan kam kunnena ya jiye mini."

"Kuma ka ce in ƙyale su?"

Ya dubi yaran. Sun yi cirko-cirko, wasu sun ɓuya a bayan wasu, kayansu na ɗigar ruwa. Ya bi su da ido ɗaya bayan ɗaya, har na bayan. Sannan ya zare tsumagiyar daga hannuna ya jefar.

"Ai ba ƙarya suka yi ba, Uwata, ni na rushe. Bar su su faɗa. Ba ga su nan duka da bakin faɗa ba?"